Tarihin Sayyidi Muhammadu Abdullahi Hasan, Shugaban Darwishawan Somaliya

 Ya ku malamai da almajirai da fatake, ga labarin wani malami na ƙasar Somaliya wanda ya yi shekara 21 yana yaƙi da Turawan Ingila, ba su kama shi ba har ajalinsa ya zo. Sunansa Sayyidi Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Hasan. Ya tashi da nufin tara ƙabilun ƙasarsa a ƙarƙashin tuta ɗaya ta addini, amma ƙabilanci ya bi shi har cikin sansaninsa, ya lalata abin da ya gina, kuma ya wanzu bayansa har yau.

Ku sani ƙasar Somaliya tana gabashin Afirka, daura da Yaman, teku ne kaɗai a tsakaninsu. Mutanenta Musulmi ne masu bin mazhabar Shafi'i, galibinsu harshensu ɗaya, kuma a wancan zamani yawancinsu makiyayan raƙuma da tumaki ne. Amma sun kasu manyan ƙabilu, watau Darod da Isaƙ da Hawiye da Dir da Rahanwen, kowace kuwa ta rarrabu zuriya zuriya. Yaro yakan haddace sunayen kakanninsa na wajen uba har ashirin ko fiye. Idan mutum ya kashe wani, danginsa ne za su taru su biya diyya, raƙumi 100 a kan namiji. In ba a biya ba, sai ramuwa a kan kowane ɗan zuriyar, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka dangi shi ne garkuwar mutum a daji, shi ne kuma mabuɗin fitina a bakin rijiya da makiyaya.

An haifi Sayyidi wajen shekara ta 1856 kusa da Buhodle. Mahaifinsa malami ne daga zuriyar Ogaden, mahaifiyarsa kuwa daga Dulbahante, duka biyun rassan Darod ne. Ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, sa'an nan ya fita yawon neman ilmi, ya zauna gaban malamai a Harar da Mogadishu da waɗansu garuruwa. Wajen 1894 ya tafi aikin hajji. A Makka ya sadu da Shehu Muhammadu Salihu, mutumin Sudan, ya karɓi ɗariƙarsa ta Salihiyya, aka ba shi izinin yaɗa ta a ƙasarsu.

A 1895 ya sauka Barbara, babbar tashar jiragen ruwa wadda daga nan ake kai tumaki da fatu da ƙaro zuwa Adan. Turawan Ingila sun riga sun kama wannan gaɓa tun 1884, Italiya tana kudu, Faransa tana Jibuti, Sarki Menelik na Habasha kuwa yana matsowa daga yamma. Sayyidi ya shiga wa'azi, yana hana shan taba da taunar ganyen kat, wanda suke ci kamar yadda muke cin goro, yana kuma sukar kamun ƙafa da waliyyan da suka rasu. Malaman Ƙadiriyya na garin suka yi jayayya da shi, attajirai kuma ba su so abin da zai taɓa cinikinsu ba. Abin da ya ƙara ɓata masa rai shi ne ganin marayun Somaliyawa a hannun 'yan mishan na Faransa. Da ya ga bai sami karɓuwa ba, a 1897 ya bar bakin teku ya koma wurin kawunnansa Dulbahante.

A nan ne sunansa ya fito. Ya riƙa sasanta zuriyoyin da ke da jini a tsakaninsu, yana hana harin dabbobi, har Turawa da kansu suka yaba da aikinsa a farko. Mabiyansa ya sa musu suna Darwishawa, suka ɗaura farin rawani, domin a san mutum da ɗariƙarsa da rawaninsa maimakon sunan kakansa. Ya kuma auri mata daga zuriyoyi daban daban don ƙulla zumunci. A 1899, watau 1317 bayan Hijira, ya shiga garin Bur'o da dubban mayaƙa, ya shelanta jihadi a kan Turawa da Habashawa.

Tun daga nan ɓaraka ta fara. Garad Ali, ɗaya daga sarakunan Dulbahante, ya ƙi miƙa ragamar mutanensa ga malami. Darwishawa suka kashe shi, sai wani sashe na kawunnan Sayyidi suka janye jikinsu. A watan Maris na 1900 ya kai hari sansanin Habashawa a Jigjiga domin ƙwato dabbobin da suka wawashe, jama'a suka yi murna. Amma bayan 'yan watanni mayaƙansa suka auka wa Idagale, wani reshe na Isaƙ, suka kora raƙuma wajen 2,000. Hujjarsa ita ce duk wanda ya zauna ƙarƙashin amanar Nasara ya zama abokin gaba. Mutanen Isaƙ kuwa, waɗanda abincinsu ke rataye da kasuwar Barbara da ayarin fatake, abin da suka gani shi ne 'yan Darod sun kwashe musu dukiya. Da yawansu suka ɗauki bindigar Bature suka shiga rundunarsa.

Daga 1901 zuwa 1904 Turawan Ingila sun tura runduna sau huɗu. Suka sa masa laƙabin mahaukacin malami, alhali kuwa shi ne ya hallaka musu rukunin soja a Gumburu a watan Afrilu na 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. A watan Janairu na 1904 suka rinjaye shi a Jidbali, Darwishawa ɗaruruwa suka faɗi. A 1905 ya yi sulhu ta hannun Italiya a Ilig, aka bar masa kwarin Nugal da mashiga ta teku, ya sami 'yan shekaru yana tara dawaki da bindigogi.

A wannan zama ne ya yi amfani da makaminsa na biyu, watau waƙa. Somaliyawa mutane ne masu girmama fasahar baki, shi kuwa ana lissafa shi cikin manyan mawaƙansu. Yakan tsara waƙa, mahaddata su ɗauka, ta bi rijiyoyi da zangon fatake har ta game ƙasa. Da ita ya yi wa'azi, da ita ya zuga mayaƙa. Amma da ita kuma ya yi wa zuriyoyin da suka ƙi shi zambo, yana ambaton su da sunayensu, yana aibata asalinsu. Wanda ya zo kashe wutar alfahari da kakanni sai ga shi yana hura ta da bakinsa.

Shekara ta 1909 ta zo masa da musiba biyu. Wata takarda ta iso daga Makka da sunan shehinsa Muhammadu Salihu, tana zarginsa da zubar da jinin Musulmi da cin dukiyarsu. Waɗansu manyan Darwishawa suka taru a gindin wata itaciya suna shawarar barinsa. Asirinsu ya tonu, ya kashe jagororinsu, mutane da yawa suka gudu kowa ya koma cikin danginsa. A cikin shekarar kuma mabiyansa suka kashe Shehu Uwaisu na Barawa, babban malamin Ƙadiriyya, tare da almajiransa a Biyole. Shehu Uwaisu yana cikin waɗanda suka rubuta harshen Somaliya da haruffan Larabci, kamar yadda muke yi da ajami. Sayyidi ya yi waƙar murna da wannan kisa, abin da ya zama tabo a tarihinsa.

A 1910 Turawan Ingila suka gaji da asara, suka janye zuwa bakin teku, suka raba wa ƙabilun da ke tare da su bindigogi domin su kare kansu. Maimakon haka sai kowace zuriya ta juya bakin bindiga ga maƙwabciyarta tana neman tsohon jini. Ayari ya tsaya, yunwa ta shigo, har mutane suka ci mushe, suka sa wa zamanin suna lokacin cin haram. Masu tarihi sun ƙiyasta cewa sulusin mazajen yankin sun hallaka. Ku lura, yawancin wannan ɓarna Musulmi ne suka yi wa junansu.

Sayyidi ya koma Taleh, ya sa magina daga Yaman suka gina masa ganuwa ta dutse. A ranar 9 ga Agusta 1913 mayaƙansa suka kashe Kofil, shugaban askarawan raƙuma na Turawa, a Dul Madoba. Amma tsananinsa da yawan zargi sun riƙa rage masa jama'a. A watan Janairu na 1920 Turawa suka kawo jiragen sama suka yi wa ganuwowinsa ruwan bom, cikin mako uku Taleh ta faɗi. Ya tsere zuwa ƙasar Ogaden, cutar agana ta shiga mutanensa, mayaƙan Isaƙ suka bi sawu suka kwashe sauran dabbobinsa. Turawa suka aika masa da tayin aminci, ya ƙi. Ya rasu da rashin lafiya a Imi, bakin kogin Shabele, a watan Disamba na 1920, watau 1339 bayan Hijira.

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka ɗaukaka sunansa a matsayin uban kishin ƙasa. Janar Siyad Bare, wanda ya karɓi mulki a 1969, ya kafa masa mutum-mutumi bisa doki a Mogadishu, ya kuma sa aka yi bikin binne ƙabilanci a bainar jama'a. Amma shi kansa ya jingina mulkinsa ga rassa uku na Darod, watau Marehan da Ogaden da Dulbahante. A 1981 'yan Isaƙ mazauna waje suka kafa ƙungiyar tawaye a Landan, a 1988 jiragen gwamnati suka rushe Hargesa, a 1991 gwamnati ta faɗi, arewa ta ɓalle da sunan Somalilan. Da aka zo gyara a shekara ta 2000, bisa ƙabila aka raba kujerun majalisa: manya huɗu kowace da kaso cikakke, ƙananan duka da rabin kaso.

Waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Nairobi da Landan da Miniyapolis ta Amurka sun tafi da nasabarsu. Da ita suke saukar baƙo, da ita ake gane wanda aka aika wa kuɗi a gida ko da ba shi da takarda, da ita kuma ake tara gudummawa in rikici ya tashi tsakanin zuriyoyi. Sunan Sayyidi kansa ya rabu bisa wannan layi: wani ya kira shi mujahidi, wani ya tuna raƙuman kakansa.

Abin lura gare mu shi ne, Allah ya sanya dangi domin sanin juna da sada zumunci, ya sanya fifiko ga taƙawa. Sayyidi ya san wannan, ya kira mutane gare shi, ya tsaya wa mamaya da ƙarfin zuciya. Amma da ya halatta dukiyar Musulmin da suka saɓa masa, sai kowa ya gudu ga danginsa neman tsari, domin mutum ba ya sakin garkuwar dangi sai ya ga adalcin da zai tsare shi. Allah ya gafarta masa da waɗanda suka mutu a hannunsa da hannun abokan gabansa, ya haɗa kan mutanen Somaliya. Amin. Wassalamu.