Ferdinand Porsche: Ɗan maƙerin da ya sauya ƙirar motocin tsere na Jamus

Duk wanda ya san garin Bauchi ya san sunan Steyr, masana'antar haɗa taraktoci da manyan motoci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarun 1970 tare da kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, biyu daga cikin kamfanonin da suka haɗu suka ba da wannan dogon suna, wato Steyr da Austro-Daimler, mutum ɗaya ne ya taɓa zama babban injiniyansu, kuma dukkansu bai rabu da su da daɗin rai ba. Wannan mutum shi ne Ferdinand Porsche, wanda sunansa ke jikin motocin gudu mafi shahara na Jamus, kuma wanda ya ƙera Volkswagen Beetle, motar da ma'aikatan gwamnati da dama suka fara mallaka a Najeriya.

An haife shi ranar 3 ga Satumba, 1875, a garin Maffersdorf da ke yankin Bohemiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya, a yau kuma yake cikin Jamhuriyar Cek. Mahaifinsa, Anton, maƙeri ne mai aikin kwano da famfo, kuma ya so ɗan nasa ya gaji sana'ar gida. Shi kuwa yaron wutar lantarki ce ta ɗauke masa hankali. Yana da shekara 18 ya tafi birnin Viyana ya kama aiki a kamfanin lantarki na Béla Egger, idan ya tashi daga aiki sai ya shiga ajin jami'a ya saurari darasi ba tare da rajista ba. Bai taɓa samun digiri ta hanyar karatu ba. Digirorin dakta biyu da ake kiransa da su na girmamawa ne.

Aikinsa na farko da ya ja hankalin duniya mota ce mai aiki da lantarki da ya ƙera wa kamfanin Lohner, aka baje kolinta a birnin Paris a 1900. Injinan motar a cikin ƙafafunta suke. Da ya ga nauyin batir ya yi yawa, sai ya ƙara mata injin fetur mai juya janareta, abin da ya sa ake lissafa ta cikin motocin farko masu haɗa fetur da lantarki. Tun daga nan matsalar nauyi ta zama abin da ya fi damunsa a duk motar da ya zana.

A 1906 ya koma Austro-Daimler. A 1910 ya tuƙa motar kamfanin da hannunsa ya lashe gasar Yarima Heinrich. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙera ƙaramar motar tsere mai suna Sascha, mai injin lita 1.1, wadda ta zo ta ɗaya a ajinta a gasar Targa Florio ta tsibirin Sisili a 1922. Burinsa shi ne a mayar da ita ƙaramar mota ta kasuwa, masu hannun jari kuwa suka ga asara ce. Porsche mutum ne mai zafin rai da ba ya ɗaukar gyara daga masu riƙe da asusu, don haka a 1923 ya tattara nasa ya nasa ya koma kamfanin Daimler a birnin Stuttgart na Jamus.

A can ne ya fitar da jerin motocin Mercedes masu na'urar cusa iska cikin injin, waɗanda suka kai ƙololuwa da samfurin SSK na 1928. Wannan mota ita ce ƙarshen tsohuwar dabara: ƙaton injin lita 7.1 mai silinda shida a gaba, ƙarfin doki fiye da 200, nauyi kusan kilo 1,700. A miƙaƙƙiyar hanya da wuya a kamo ta, kuma ƙarfenta na da juriya, amma a kwana sai direba mai ƙarfin damtse, domin sitiyarinta na da nauyi kuma birkinta na shan wuya. Ba a ƙera ko arba'in ba. Da aka so ƙara mata gudu, sai da aka huda ramuka a ƙashin bayanta don rage nauyi, kuma da wannan samfurin ne Rudolf Caracciola ya lashe tseren Mille Miglia a 1931, ya zama baƙo na farko da ya ƙwace shi daga hannun Italiyawa.

Kafin wannan nasara Porsche ya riga ya bar kamfanin, bayan wani saɓani da shugabanninsa wanda maganar ƙaramar mota na cikinsa. A farkon 1929 ya koma Steyr, inda ya zana samfurin Steyr 30 da wata ƙasaitacciyar mota mai silinda takwas da aka kira Austria. A kakar wannan shekara bankin da ke riƙe da Steyr ya durƙushe, aka haɗe shi da Creditanstalt, bankin da ke da iko da Austro-Daimler. Porsche ya wayi gari a hannun mutanen da ya baro da faɗa shekara shida da suka wuce. Aka soke motar Austria, shi kuma ya ajiye aiki a 1930. Haɗewar kamfanonin ta kammala a 1934, aka sami Steyr-Daimler-Puch, wanda daga baya ya iso Bauchi.

Yana da shekara 55 kuma ba shi da aiki, sai ya buɗe ofishin zane na kansa a Stuttgart a 1931, tare da surukinsa Anton Piëch da wani ɗan kasuwa Bayahude kuma direban tsere, Adolf Rosenberger, wanda ya taimaka da jari. Ofishin ya yi ta fama da rashin kuɗi har zuwa 1933, lokacin da Adolf Hitler ya hau mulki ya ware kuɗin gwamnati don tseren motoci, aka raba tallafin tsakanin Mercedes da Auto Union.

Dokar tsere ta 1934 ta ƙayyade cewa kada mota ta wuce kilo 750, ban da mai da ruwa da tayoyi. Mercedes suka bar injinsu mai silinda takwas a gaba, yadda aka saba. Porsche kuwa, a motar da ya zana wa Auto Union, ya sa injin mai silinda 16 a bayan direba, tankin mai a tsakiya, don kada daidaiton motar ya sauya yayin da mai ke raguwa. Samfurin 1936 ya kai ƙarfin doki 520. Wajen tashi da hawan dutse Auto Union ta fi, domin nauyin injin na danne tayoyin baya. Wajen sauƙin sarrafawa kuwa Mercedes ce a gaba: direban Auto Union na zaune can kusa da hancin motar, kafin ya ji bayanta ya fara zamewa sau da yawa lokaci ya ƙure. Wanda ya fi iya ta shi ne Bernd Rosemeyer, tsohon ɗan tseren babur da bai saba da wata motar tsere ba, ya zama zakaran Turai a 1936, ya kuma rasu a cikin motar kamfanin a Janairun 1938 yana neman kafa tarihin gudu. Sai a ƙarshen shekarun 1950 duniyar tsere ta dawo kan ra'ayin Porsche, kuma har yau injin motocin Formula One a bayan direba yake.

Ƙaramar motar da kamfanoni suka hana shi ƙerawa, Hitler ne ya ba shi kwangilarta a 1934. Sharaɗin shi ne ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa, a sayar da ita kan mak 990. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireton da zai tafasa. Amma kuɗin gwamnatin Nazi ya zo da farashinsa. A 1935 aka raba Rosenberger da hannun jarinsa, aka tsare shi a sansanin Kislau, daga bisani ya yi hijira zuwa Amurka. Porsche ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, aka kuma ba shi muƙami a rundunar SS. Jamusawa fiye da 300,000 sun yi ta zuba adashen motar, babu wanda ya karɓi ko ɗaya, domin da yaƙi ya ɓarke masana'antar ta koma ƙera motocin soja. Porsche ya zana tankokin yaƙi, kuma a ƙarƙashin shugabancinsa da na Piëch an tilasta wa mutum kusan 20,000 aikin dole a masana'antar, cikinsu har da fursunonin yaƙi da na sansanonin gwale-gwale. Da yawa ba su fita da rai ba.

A Disambar 1945 Faransawa suka kama shi, ya shafe kusan wata 20 a tsare, har a kurkukun Dijon. Ɗansa Ferry ne ya tara kuɗin belinsa daga kwangilar zana motar tsere ga kamfanin Cisitalia na Italiya, aka sake shi a 1947 lafiyarsa ta raunana. Ya tarar da ɗan nasa da tsofaffin ma'aikatansa a wani tsohon wurin yankan katako a ƙauyen Gmünd na Ostiriya, suna shirin haɗa motar gudu da kayan Beetle. Ita ce 356, mota ta farko mai ɗauke da sunan Porsche, wadda aka yi wa rajista ranar 8 ga Yuni, 1948. Ƙarfin dokinta 35 ne kacal, amma nauyinta kilo 585 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na SSK, ta kuma kai kilomita 135 a awa. Kimanin hamsin ɗin da suka biyo ta da guduma aka buga jikinsu na alminiyam, kafin a koma Stuttgart a 1950 a riƙa yin jikin da ƙarfe.

Porsche ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a ƙarshen 1950, ya mutu a Stuttgart ranar 30 ga Janairu, 1951, yana da shekara 75. Bayan wata biyar 356 ta lashe ajinta a tseren Le Mans. Hamayyar tsarin nan biyu ta ci gaba bayansa: Mercedes 300 SL ta 1954 ta zo da injin lita uku a gaba da ƙarfin doki 215, ta fi 356 gudu nesa ba kusa ba, ita kuwa 356 ta riƙe masoyanta da rashin nauyi da sauƙin gyara, har 911 ta gaje ta a shekarun 1960.

Beetle, wadda aka ƙera sama da miliyan 21 kafin a daina a 2003, an fara haɗa ta a Legas a 1975, a zamanin da Peugeot ta zauna a Kaduna, Steyr kuma a Bauchi. Waɗannan masana'antu da kuɗin gwamnati da cinikin gwamnati suka tsaya, kayan haɗinsu kuma daga waje ake shigo da su. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980 sai aiki ya ja baya, daga bisani gwamnati ta sayar da hannun jarinta. Ofishin zanen da Porsche ya buɗe a 1931 da injiniyoyi 'yan ƙalilan har yanzu yana ƙera motoci a unguwar Zuffenhausen ta Stuttgart, kuma a 2022 kamfanin ya amince a gudanar da binciken masana tarihi kan abin da ya sami Rosenberger.