Al-Jahiz Da Darasin Madatsar Challawa

An haifi Abu Usman Amru ɗan Bahr a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 776, aka yi masa laƙabi da Al-Jahiz saboda fitowar idanunsa. Ya tashi cikin talauci, har an ruwaito cewa ya yi tallar burodi da kifi, amma bai rabu da zauren malamai ba. Ya rasu a 868 ko 869, ya bar mana Kitabul Hayawan mai juzu'i bakwai.

A littafin ya nuna cewa dabba takan ci, ita ma a ci ta: ɓera na farautar wanda ya fi shi rauni, maciji kuma na farautar ɓeran. Sai a 1942 Ba'amurke Raymond Lindeman ya bayyana yadda ƙarfin da tsirrai ke samu daga rana ke ratsa wannan sarƙa. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke tsallakawa daga mataki zuwa mataki.

A ganina, masuntan Karaye na buƙatar wannan darasi. A madatsar Challawa da aka kammala a 1992, gansakuka ke kama hasken rana, ƙananan kifaye su ci, tarwaɗa ta ci su, masunci ya kama ta. Duk mai zuba guba a ruwa ko jefa raga mai ƙananan idanu, tukunyar gidansa yake fasawa. Ya kamata hukuma da sarakunan ruwa su tsawatar tun kafin kifin ya ƙare.