Janar Murtala da Gidan da Ya Bari

Mai karatu, in kana cin kasuwar Magarya ko ta Dungas, ko kana tsallakawa Maigatari ran Alhamis, to takardar naira 20 ba baƙuwarka ba ce. Wannan soja da ke jikinta shi ne Janar Murtala Ramat Muhammad. Mutane da yawa sun san labarin mulkinsa. Yau kuwa za mu duba rayuwarsa, mu ga abin da aikin soja ya jawo wa gidansa.

An haifi Murtala a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba 1938. Ya yi karatu a Kano, daga nan ya wuce kwalejin Zariya, wadda ake kira Barewa. A 1958 ya shiga soja. Aka tura shi Ingila, makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya gama a 1961. Bai daɗe da dawowa ba aka tura shi ƙasar Kwango, cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka ga tun yana saurayi ƙafarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba.

A 1963 ya yi aure. Sunan matarsa Ajoke, Bayarabiya ce, ta koyi aikin kula da haƙora. Allah ya ba su ƴaƴa 6. Amma gidan soja ba kamar gidan manomi ba ne. Manomi ya tafi gona da safe, da yamma ya dawo ya ci tuwo da yaransa. Soja kuwa ba shi da ikon kansa. Inda aka ce ya tafi, nan zai tafi. Matar ce za ta riƙe gida. Ita ce uwa, ita ce uba.

Shekara 3 da auren, Najeriya ta rikice. A Janairun 1966 wasu sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A Yulin wannan shekara sojojin Arewa suka rama, Murtala yana cikin jagororinsu. A 1967 yaƙin Biyafara ya ɓarke. Aka ba Murtala runduna ta 2, ya tafi fagen daga ya bar mata da ƙananan yara.

A nan sai mu faɗi gaskiya, mai daɗi da mara daɗi. Rundunarsa ta kori mayaƙan Biyafara daga Binin. Amma a garin Asaba, a watan Oktoba na 1967, sojojin wannan runduna sun kashe ɗaruruwan maza fararen hula. Haka kuma da suka nemi ƙetare kogin Kwara don su kama Anaca, sojoji masu yawa suka halaka a ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana da gida. Wani yana da mata, wani yana da tsohuwa da ke jiran saƙonsa. Har yau mutanen Asaba suna tunawa da wannan rana.

Yaƙi ya ƙare a 1970. A ƙarshen Yulin 1975 sojoji suka sauke Janar Gowon, suka ɗora Murtala. Mulkinsa gajere ne, kusan kwana 200, amma ya yi aiki da zafi. Ya sallami dubban ma'aikata bisa zargin cin hanci ko lalaci. Ya mai da jihohi 12 suka zama 19. Shi ne ya yanke shawarar a tashi babban birni daga Legas zuwa Abuja. Talakawa sun so shi ƙwarai.

Ran Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, ya fito da safe zai tafi ofis. Ba ya yawo da ayarin masu gadi. Motarsa ta shiga cunkoso a Legas, sai sojojin Laftanar Kanar Dimka suka buɗe mata wuta. Nan take ya rasu, tare da dogarinsa da direbansa. Shekararsa 37. Aka kai gawarsa Kano aka rufe.

To, ƙasa ta yi kuka, ta share hawaye, ta naɗa wani shugaba. Gida fa? Gida ba ya naɗa sabon uba. Babbar ƴarsa, A'isha, shekararta 12 a lokacin. Autar kuwa ba ta yi wayon sanin ubanta ba. Aka sa sunansa a filin jirgin saman Legas da babban asibitin Kano. A 1977 aka buga hotonsa a kuɗi. Amma suna a bango ba ya raka yaro makaranta. Wannan nauyi duk a kan uwar ya faɗo.

Ajoke ba ta naɗe hannu ba. Ta tsaya a kan karatun ƴaƴanta, mata da maza. Ta kama sana'ar renon itatuwa da furanni, har ta kafa manyan lambuna da aka san ta da su. Jarrabawa kuma ba ta ƙare ba. A farkon shekarun 1990 harbin bindiga ya yi ajalin babban ɗanta namiji, yana cikin ƙuruciyarsa. Ita ce ta sake ɗaukar wannan zafi, babu miji a gefenta.

A'isha ta zama lauya. Iyalin suka kafa gidauniya da sunan mahaifinsu. Da aka sace ƴanmatan Cibok a 2014, A'isha ta shiga cikin masu tsaya wa iyayensu. Wanda ya ɗanɗani maraici, shi ya san ciwon rashi.

Kada kuma ka manta da ɗaya ɓangaren. Bayan kisan Murtala, an harbe fiye da mutum 30 da aka samu da hannu a ciki, har da Dimka. Su ma sun bar mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Iyalin Murtala ma ke nan, da duniya ta san da su. Ina ga iyalin ƙaramin soja? A nan Nijar, kakanninmu sun yi wa Faransa yaƙin 1939 zuwa 1945. Wasu sun dawo da rauni, wasu ba su dawo ba. A Inates, a Disamban 2019, soja 71 muka rasa a rana ɗaya. Gida nawa ke nan?

Saboda haka, duba unguwarku. In akwai matar soja da mijinta ke daji, ka leƙa ka gaishe ta. In akwai wadda mijinta ya rasu, yanzu da ka iya karatu, taimake ta ta adana takardun aure da na haihuwar yara, don da su ake neman haƙƙin mamaci. Ka kuma sa ido kada marayun su bar makaranta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari. Amin.