Ummu Kulsum: Tauraruwar Gabas

Gabatarwa

Akwai waƙar da ake ji ana hira ko ana wanki, akwai kuma wadda sai an zauna an natsu kafin a ɗanɗani abin da ke cikinta. Waƙoƙin Ummu Kulsum ta ƙasar Masar suna cikin kashi na biyu. Wannan maƙala za ta kawo taƙaitaccen tarihinta, da dalilin da ya sa ya dace ɗalibin harshe ya ba ta kunne.

Haihuwarta da Tasowarta

An haife ta a wajajen shekarar 1900 a ƙauyen Tamay al-Zahayra da ke lardin Daƙahaliyya a arewacin Masar. Mahaifinta, Shehu Ibrahim al-Baltaji, limamin ƙauyen ne, kuma yakan rera waƙoƙin bege a wuraren mauludi da bukukuwa. Ta yi makarantar allo, inda ta koyi fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Tana sauraron mahaifinta yana koya wa wanta Khalid waƙoƙi, har ta haddace su. Da mahaifin ya ji muryarta, sai ya riƙa tafiya da ita, amma cikin kayan maza, domin a lokacin abin kunya ne 'yar malam ta tsaya gaban jama'a tana waƙa.

Shahararta

A wajajen 1923 ta koma birnin Alƙahira, inda da farko aka yi mata kallon baƙauya. Maimakon ta karaya, sai ta duƙufa ga neman ilimi. Shehu Abul Ila Muhammad ya koya mata rera ƙasidu, shi kuwa Ahmad Rami ya buɗe mata ƙofar adabin Larabci, daga baya ya rubuta mata waƙoƙi fiye da 100. Da aka buɗe gidan rediyon Masar a 1934, tana cikin waɗanda suka yi waƙa. Daga nan ta kafa al'adar yin wasa a daren Alhamis ta farkon wata, ana watsawa kai tsaye, jama'a kuma su taru a gindin rediyo a ƙasashen Larabawa. Waƙa biyu ko uku kawai takan rera a dare guda, amma ɗaya kan kai awa guda. Ta kuma fito a finafinai shida tsakanin 1936 da 1947.

Bayan Masar ta sha kaye a yaƙin 1967, ta zagaya ƙasashe tana wasa, har da birnin Faris na Faransa da Sudan, ta miƙa kuɗin ga baitulmalin ƙasarta. Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu, 1975, miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira don jana'izarta. A 2001 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a birnin.

Abin da Ya Kamata a Saurara

Sirrin Ummu Kulsum shi ne girmama kalma. Takan ɗauki ɗango guda ta maimaita shi sau da yawa, kowane karo da sabon karin murya, ta ja wani wasali, ta danna wata gaɓa, har ma'anar ta sake fuska. Duk da haka baƙi ɗaya ba ya ɓacewa a bakinta. Wannan gado ne na makarantar allo.

Mai son farawa ya nemi Wulidal Huda, begen Annabi (SAW) da Ahmad Shauƙi ya rubuta da Larabcin littafi. Daga nan sai Inta Umri ta 1964, wadda ke da Larabcin mutanen Masar, kuma ita ce farkon aikinta da Muhammad Abdul Wahab. Sai Al-Aɗlal ta 1966, da Riyad al-Sunbaɗi ya tsara mata kiɗa, wadda masana da yawa ke ɗauka ƙololuwar fasaharta. Faya-fayan shekarun 1960 sun fi na farkon rayuwarta fitar da sauti tas. Waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a kuwa sun fi armashi, domin a nan ake jin yadda sowar masu sauraro ke sa ta koma ta sake ɗango.

Kammalawa

Shawara ga 'yan uwa ɗalibai ita ce a sami lokacin da gida ya yi tsit, a ajiye matanin waƙar a gaba, a bi ta daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba. Wanda ya horar da kunnensa haka, in ya dawo kan waƙoƙin Barmani Coge ko Mamman Shata zai ji tsawon wasali da faɗuwar karin sauti da a da suke wuce shi. Nazarin waƙa dai daga kunne yake farawa kafin ya kai ga alƙalami.