James Parkinson: Likitan Unguwa Da Ya Karanci Tafiyar Tsofaffi

Tun daga 1997 duniya ta keɓe ranar 11 ga Afrilu domin masu fama da cutar Parkinson, cutar nan mai sa karkarwar hannu da sandarewar jiki da nauyin ƙafa. An zaɓi ranar ce saboda a cikinta aka haifi James Parkinson, a unguwar Hoxton ta birnin Landan, a shekarar 1755.

Mahaifinsa likitan unguwa ne, shi kuma ya gaje shi a 1784. Talakawa ne akasarin majinyatansa, kuma dominsu ya tsunduma cikin siyasa, yana rubuta ƙasidu da sunan aro yana neman a faɗaɗa 'yancin zaɓe, har ta kai a 1794 majalisar Sarki ta yi masa tambayoyi bisa zargin wata maƙarƙashiyar kashe Sarki George na Uku, amma ba a kama shi da laifi ba. Daga bisani ya karkata ga nazarin burbushin halittun da suka zama dutse, ya wallafa littafi mai juzu'i uku tsakanin 1804 da 1811.

Aikin da ya raya sunansa kuwa ɗan ƙaramin littafi ne da ya fitar a 1817, a kan mutum shida kacal, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su. Abin da jama'a ke ɗauka tsufa ne, shi ya gane cuta ce mai tafiya sannu a hankali. Ya bayyana yadda majinyaci ke ranƙwafawa gaba, takunsa ya gajarce, ya riƙa sassarfa ba da son ransa ba don kada ya kife. Ya zaci matsalar tana can saman laka ne, ya kuma yi kira ga masu binciken gawa su gano gaskiya. Ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1824, littafin bai yi wani tashe ba, sai bayan kusan shekara hamsin Jean-Martin Charcot na Faransa ya laƙaba wa cutar sunansa.

Amsar kiran nasa ta zo a ƙarni na ashirin. A 1919 aka nuna cewa wani baƙin gurbi ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke lalacewa, a 1960 kuma aka tabbatar da ƙarancin sinadarin dofamin da gurbin ke samarwa. Wannan sinadari shi ke taimaka wa sashen ƙwaƙwalwa mai gudanar da tafiya ba tare da tunani ba. Idan ya yi ƙaranci, sai saƙon taku ya cushe, musamman wajen fara tafiya, ko juyawa, ko shiga ƙofa mai ƙunci, ko kuma hankali ya rabu biyu. Nan take ƙafa ta kafe kamar an liƙe ta da ƙasa, alhali gangar jiki ta riga ta yi gaba. Daga nan faɗuwa da karaya ke zuwa. Abin mamaki, layi da aka ja a ƙasa, ko ƙirga taku, ko bin kiɗa, kan saki ƙafar, domin saƙon yakan bi wata hanyar da hankali ke jagoranta.

To, a Birnin Kebbi da Argungu, dattijon da ya kafe a ƙofar zaure me muke cewa a kansa? Wasu su ce tsufa, wasu su ce sammu ko iska, wasu ma su ce taurin kai, a yi ta jan hannunsa, abin da ke ƙara masa haɗarin faɗuwa. Alhali tun 1967 aka tabbatar da amfanin maganin lebodofa, wanda ba ya warkar da cutar amma yana sassauta ta. Parkinson ba shi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ido ya sa da haƙuri. Mu da muke da asibiti a kusa, abin da ya rage mana shi ne mu dubi tafiyar iyayenmu da kyau, mu kai su ga likita tun kafin faɗuwar farko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.