Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin da Alherinsa Bai Yanke Ba

Ɗalibai, idan kuka je tashar jirgin ƙasa ta Minna, ku tsaya ku dubi dogon da ya miƙe arewa zuwa Kano, ya kuma gangara kudu zuwa Ikko. Shekaru da yawa da suka wuce, jirage maƙare da buhunan gyaɗa sun yi ta ratsa wannan gari dare da rana. Da yawa daga cikin buhunan nan sun bi ta hannun mutum ɗaya, wato Alhaji Alhassan Ɗantata. A wannan darasi za ku karanta tarihinsa. Za ku ga yadda maraya ya zama babban attajiri, da yadda kyautarsa ta ci gaba bayan rasuwarsa.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, a ƙasar Kano, a shekarar 1877. Sunan mahaifinsa Abdullahi, sunan mahaifiyarsa Amarya. Su Agalawa ne, wato wani rukuni na Hausawa da suka shahara da fatauci. Fataken wancan zamani sukan ɗora kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna, su yi tafiyar watanni zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. A can sukan sayar da kayansu, su saro goro, su komo gida.

Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado, dukiyar gidan ta watse. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yau. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Ita ce ta reni Alhassan, shi ya sa mutane suka riƙa kiransa Ɗan Tata. Ku lura da wannan: sunan da ya cika duniya a yau na wata baiwar Allah ne da ta riƙi maraya da amana.

Yaron ya shiga makarantar allo a Bebeji. Kamar sauran almajirai, yakan yi 'yan aikace-aikace don ya sami abinci da sutura. A nan ya koyi tanadi. In ya sami 'yan kuɗi ba ya kashe su duka, sai ya jefa wani abu a asusu. Da ya tasa, sai ya bi ayarin fatake har Ankara wurin mahaifiyarsa, ya ƙara karatu a can, sa'an nan ya komo gida.

Wahalarsa ba ta ƙare a nan ba. A shekarar 1893 yaƙin basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Masana tarihi sun rubuta cewa Alhassan na cikin waɗanda aka kama a wannan rikici, sai daga baya ya sami fansa. Ya fito ba shi da komai, ya sake fara kasuwanci daga tushe.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane sabuwar hanya. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, al'amuran ciniki suka fara sauyawa. Alhassan ya lura cewa goro kaya ne mai saurin lalacewa, tafiyar ƙasa kuwa tana cin watanni. Saboda haka ya zama ɗaya daga cikin Hausawa na farko da suka riƙa ɗauko goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Ban da goro, ya yi cinikin tufafi da duwatsun ado na mata.

Dogo ya isa Kano a 1911, a shekara ta gaba kuma jirage suka fara jigilar kaya sosai. Minna ta zama mahaɗa, inda layin Baro ya gamu da layin Ikko, kuma wannan ne ya bunƙasa garin. A lokacin nan masana'antun Turai suna matuƙar bukatar gyaɗa don yin mai da sabulu. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san manoma ba, ba su kuma jin harshensu. Alhassan ya san ƙauyuka, mutane kuma sun yarda da shi. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya shiga cikin kamfanin UAC.

Ga yadda yake gudanar da cinikin. Yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su bazu cikin ƙauyuka, su sayo gyaɗa daga manoma. A Kano sai a auna ta, a ɗura a buhuna, a jera su tsibi-tsibi har su yi tsini a sama. Wannan shi ake kira dalar gyaɗa. Daga nan jirgi ya kwasa, ya bi ta Zariya da Kaduna da Minna zuwa bakin teku. Ciniki irin wannan ba ya yiwuwa sai da amana, domin kuɗi masu yawa suna hannun mutanen da ke nesa da maigidansu. Yawancin yaran nasa sun riƙe amanar, wasunsu ma suka zama attajirai masu cin gashin kansu.

A farkon shekarun 1920 Alhassan ya riga ya zama attajirin da ya fi kowa dukiya a Kano. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a birnin a 1929, an ruwaito cewa raƙuma ashirin ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa bankin. Duk da haka an san shi da sauƙin kai da ƙin almubazzaranci. Ya sauke farali a zamanin da zuwa Makka ke da wuya ƙwarai. Bayan haka ya riƙa biya wa waɗansu kuɗin aikin hajji, yana ciyar da mabukata, yana taimakon malamai da almajirai. Wanda ya ɗanɗani maraici da yunwa ya san zafinsu.

A shekarar 1955 ciwo ya kama shi. Hausawa na cewa in babu ƙira, me ya ci gawayi? Alhassan ya ga abin da ya faru da dukiyar mahaifinsa bayan rabon gado, bai kuwa so a maimaita ba. Sai ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada su bari kamfanin gidan ya rushe. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a Kano. A lokacin ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa arziki a Afirka ta Yamma.

Sau da yawa dukiya takan bi mai ita kabari, wato ta ƙare jim kaɗan bayan mutuwarsa. Ta Ɗantata ba ta yi haka ba, domin zuriyarsa ta gaji ciniki, ta kuma gaji kyauta. Ɗansa Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, ya taimaka wajen gina makarantu da masallatai. Ya kuma ba Asibitin Koyarwa na Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda mai ɗauke da sunan mahaifinsa. Jikarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata ta shahara a Kano wajen ciyar da mabukata kullum.

Ɗan Hajiya Mariya shi ne Alhaji Aliko Ɗangote. An haife shi a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan, ya kuma tashi a hannun kakansa Alhaji Sanusi Ɗantata. A 1994 ya kafa gidauniya da sunansa. Ku tsaya ku dubi wannan kalma. Asalin gidauniya babban akushi ne da ake zuba abinci mutane da yawa su ci. A Hausar yau tana nufin ƙungiya mai ajiye dukiya domin taimakon jama'a. Amfaninta shi ne tana da ma'aikata da dokoki da littafin lissafi, saboda haka aikinta ba ya tsayawa don mutum ɗaya ya mutu.

Gidauniyar Aliko Ɗangote ta fi mai da hankali ga lafiya da ilimi da abinci mai gina jiki. Ta haɗa hannu da gwamnati da gidauniyar Bill Gates ta Amurka wajen yaƙi da cutar shan inna, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ta gina wa ɗalibai ɗakunan kwana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A azumin 2024 ta raba shinkafa a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, ciki har da 25 na Jihar Neja.

Ɗalibai, ba kowa ne zai zama Ɗantata ba, amma ku tuna da asusu ya fara. Ku ma kuna iya buɗe asusu a ajinku, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a naɗa mai riƙon amana, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. A ƙarshen zango ku saya wa wani maraya littafi ko takalmi. Tata ba ta san wanda take reno ba sa'ad da ta karɓi ɗan yaron nan a Bebeji.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran Alhassan da suna Ɗantata?
2. Yaya zuwan jirgin ƙasa ya sauya kasuwancinsa?
3. Wace wasiyya ya bar wa 'ya'yansa, kuma don me?
4. Ku yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimla: fatauci, asusu, amana, gidauniya.