César Milstein: Masanin da bai mallaki abin da ya ƙirƙiro ba

An haifi César Milstein ranar 8 ga watan Oktoban 1927 a birnin Bahia Blanca na ƙasar Ajantina. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Yukren, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce.

Ya karanci ilmin sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1960. Ya koma gida, amma bayan juyin mulkin soja na 1962 aka kori wasu abokan aikinsa. Wannan ne ya sa ya ajiye aiki, ya sake komawa Cambridge a 1963.

A can ne, a 1975, shi da wani Bajamushe mai suna Georges Köhler suka haɗa ƙwayoyin halitta iri biyu. Ɗaya daga saifar ɓera take, tana samar da sinadarin garkuwar jiki amma ba ta daɗewa. Ɗayar kuwa ta sankarar ɓargo ce, wadda ba ta daina hayayyafa. Haɗin ya haifar da ƙwaya mai samar da sinadarin garkuwa iri ɗaya tak, ba iyaka.

A kan wannan fasaha aka gina na'urar gwajin juna biyu, da gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take, da magungunan sankara da dama.

To sai dai hukumar NRDC, wadda ke da alhakin yi wa binciken da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa rajistar mallaka, ba ta yi hakan ba. A 1976 ta nuna cewa ba ta hango wata riba ta kusa a cikinsa ba.

Milstein ya ci gaba da raba ƙwayoyin ga masu bincike kyauta. Cikin waɗanda suka samu har da masanan Cibiyar Wistar ta Amurka, waɗanda a 1979 da 1980 suka sami takardun mallakar amfani da fasahar wajen tunkarar sankara da ƙwayoyin cuta. Lamarin ya jawo cece-ku-ce a Birtaniya, inda aka riƙa cewa ƙasar ta yi shuka, wasu sun girbe.

A 1984 aka ba Milstein da Köhler da Niels Jerne lambar yabo ta Nobel.

Magadansa sun ɗauki darasi. Gregory Winter ya yi wa fasahohinsa rajista, kuma daga rumbun sinadaran garkuwa na kamfanin da ya taimaka aka kafa aka samo maganin Humira. Shi ma maganin sai da ya kai kamfanin da Abbott gaban kotu a Landan a 2004 kan rabon riba.

Milstein bai ga wannan shari'a ba. Ya rasu a Cambridge ranar 24 ga watan Maris na 2002 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 74.